Motar Safa da Garuruwan Kasuwa: Asalin Yawon Yini Ɗaya a Karkarar Ingila

A cikin al'adun da muka tarar a ƙungiyarmu, babu wadda nake ƙauna kamar fitar da mukan yi da bazara: a ɗauki hayar safa, a yi sammako, a wuni a ƙauyukan Cotswolds, a dawo bayan magariba kowa ya gaji liƙis. Wasunmu na ganin ɓata kuɗi ne, wai me za a gani ban da tumaki da tsofaffin gidaje. Ni kuwa ina ganin ɗalibin da ya shekara uku tsakanin ɗakinsa da laburare a Landan ko Manchesta, ya koma gida bai leƙa karkara ba, to rabin ƙasar kawai ya gani. Shi ya sa na ga ya dace in ɗan tono mana asalin irin wannan tafiya, da na garuruwan da take kai mu.

Fitar rukuni ta yini ɗaya ba da mota ta fara ba, da jirgin ƙasa ne. Ranar 5 ga Yuli, 1841, wani kafinta mai suna Thomas Cook, mazaunin garin Market Harborough, ya kwashi mutum wajen 500 daga Lesta zuwa Loughborough, tazarar mil 11, don halartar taron masu yaƙi da shan giya. Kowa ya biya sule ɗaya, zuwa da dawowa. Dabarar ita ce dai wadda muke yi har yau: a tara jama'a, a yi ciniki a dunƙule, kuɗin kowa ya sauka.

Sai dai talakan Ingila na wancan zamani ba shi da lokacin yawo. Kwana shida yake yi a masana'anta, Lahadi kuma ta coci ce. A 1871 majalisa ta zartar da dokar da Sir John Lubbock ya kawo, wadda ta ware ranakun hutu huɗu a shekara a Ingila, ciki har da Litinin ta farko a watan Agusta. Hutun da ake biyan ma'aikaci albashinsa a cikinsa kuwa, sai a 1938 aka yi masa doka. Kun ga ke nan, yinin da muke ɗauka kamar ba komai ba, kokawa aka sha kafin a same shi.

Ita motar ta yi tashe ne bayan yaƙin duniya na farko. Da aka gama yaƙi a 1918, sai ga tarin manyan motocin soja ana sayarwa da araha, ga kuma sojojin da suka koyi tuƙi sun dawo babu aiki. Aka riƙa jera bencina a bayan motocin, ana kiransu charabanc, kalmar Faransanci mai nufin keke mai bencina. Babu rufi sai tamfal da ake ja idan ruwa ya sauko, gudunta kuma doka ta tsayar a mil 12 cikin awa. Ma'aikatan masaƙa, 'yan coci, maƙwabtan unguwa, kowa sai ya yi karo-karo a fita. Jirgin ƙasa tasha kawai yake kai mutum, amma mota tana shiga har tsakiyar ƙauye. Dokar zirga-zirga ta 1930 ta kawo lasisi da binciken lafiyar motocin haya, sannan a 1932 aka buɗe tashar Victoria ta Landan, wadda da yawanmu muka sha kwanan zaune a cikinta muna jiran motar dare.

To, su garuruwan fa? Abin da ya sa ake ce musu garuruwan kasuwa shi ne, a da ba a kafa kasuwa sai da takardar izini daga sarki. Stow-on-the-Wold ya sami tasa a 1107 daga Sarki Henry na Ɗaya, kuma a 1476 aka ƙara masa izinin babbar kasuwa sau biyu a shekara, a Mayu da Oktoba. Marubuci Daniel Defoe ya ruwaito cewa akan sayar da tumaki har 20,000 a wurin. Idan mun sauka a dandalin garin, ku lura da siraran lungunan da ke shigowa cikinsa: ta nan ake koro tumaki a jere don a iya ƙirga su. Duk wanda ya san ranar kasuwa a ƙauyukanmu zai gane tsarin nan take. Har yanzu ma Moreton-in-Marsh, maƙwabcin Stow, ranar Talata kasuwarsa ke ci.

Ulu ne ya gina yankin. A ƙarni na 14 da na 15, gashin tumakin Cotswolds na cikin mafi daraja a Turai, fatake na kai shi masaƙun Flanders da Italiya. Kalmar Chipping a sunan Chipping Campden ma kasuwa take nufi a tsohon Turanci. Gidan William Grevel, attajirin ulu da ya rasu a 1401, yana nan a babban titin garin, haka rumfar kasuwa ta dutse da Sir Baptist Hicks ya gina a 1627 don masu sayar da cuku da man shanu da kaji. Manyan coci-cocin da suka fi ƙarfin garuruwansu, irin na Northleach, da ribar ulu aka ɗaga su. Jerin gidajen Arlington Row a Bibury, inda kowa ke rububin ɗaukar hoto, wajen 1380 aka gina shi a matsayin rumbun ulu, daga baya aka mayar da shi gidajen masaƙa.

A nan ne darasin yake, a ganina. Kyawun da muke zuwa kallo, koma-baya ne ya adana shi. Da injin tururi ya zo, sana'ar saƙa ta ƙaura arewa, zuwa Yorkshire inda kwal yake. Leeds da Bradford suka bunƙasa, aka rushe tsoho aka gina sabo. Cotswolds kuwa babu mai kuɗin rushewa, sai gidajen suka zauna yadda suke. Garin da ya ci abinci da tumaki shekaru ɗaruruwa, yau da baƙi yake ci: shayi, kek, katin hoto. Kuma abin bai zo da sauƙi ba. A 'yan shekarun nan mazauna Bibury da Bourton-on-the-Water suna kuka da cunkoson manyan motoci a titunan da aka yi don keken doki, har an fara taƙaita inda safa za ta tsaya.

Saboda haka 'yan uwa, idan an fitar da takardar tafiyar bana, a daure a sa suna. A tafi da darduma da rigar ruwa, don ruwan Ingila ba ya sallama. Idan mun isa, mu tuna gidajen nan da mutane a ciki, kada a leƙa tagar kowa don hoto, kuma a ɗan yi ciniki a shagunan garin ko da mun taho da dambunmu. Sannan kowa ya tambayi kansa: sana'ar da ta riƙe garinsu, rini ce, ko jima, ko saƙa, ina take yanzu, kuma me zai rage a gani nan da shekara ɗari?