Lambun Cikin Gida a Wagadugu: Lokacin Yafi, Kāriya Daga Hunturu da Shuka a Mazubi

Lambun cikin gida shi ne ɗan wurin da iyali ke shuka kayan miya da ganyaye a tsakar gida ko gindin katanga, a ƙasa ko a cikin buhu, bokiti da jarka. A ƙasashen Turai da Amurka sai sanyi ya wuce ake fara irin wannan aiki, domin ƙanƙarar dare na kashe ƙananan tsirrai. A Wagadugu kuwa sanyin shi ne damar mai lambu. Kwanakinsa kaɗan ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma wanda ya makara da yafi zafin bazara ne zai riga shi cin amfanin.

Wuri da yanayi

Peuloghin na cikin tsofaffin unguwannin tsakiyar Wagadugu, maƙwabciyar Zangouettin inda Hausawa fatake suka kafa zango. A 2003 aka rushe waɗannan unguwanni saboda shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi, aka ba mazauna filaye a wajen Ouaga 2000 da Nioko. Ƙasar birnin galibi jar marmara ce mai tauri, ruwan famfo na ONEA kuma da kuɗi ake sayensa. Waɗannan dalilai biyu ne suka sa shuka a mazubi ta fi dacewa da yawancin gidaje.

Ruwan sama a birnin kan kai wajen milimita 800 a shekara, kuma akasarinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. A Disamba da Janairu ma'aunin zafi kan sauko zuwa wajen digiri 16 da dare, a Afrilu kuma yakan kai 40 da rana. Masu lambu na bakin madatsun ruwan Tanghin, da na Boulmiougou da Loumbila, duk da wannan lissafi suke aiki. Sanyin nan ne ma ya sa ake noman sitiroberi a Boulmiougou.

Lokacin yafi

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ƙirga kwanaki daga bazara a dawo baya. Tumatir na yin kwana 25 zuwa 30 a wurin yafi, sannan ya ɗauki kusan wata biyu da rabi bayan dashe kafin a fara tsinka. Idan zafin rana ya haura digiri 35, furensa kan zube ba tare da ya ɗaura 'ya'ya ba. Saboda haka wanda ya yafa iri a Oktoba ko farkon Nuwamba zai yi tsinka a Janairu da Fabrairu, wanda ya bari sai Janairu kuwa ganye kawai zai yi ta shayarwa.

Kabeji na buƙatar mako 4 zuwa 5 kafin dashe, latas kamar mako 3, albasa, irin ta Galmi da aka fi sani a yankin, kwana 40 zuwa 50. Karas ba a dasa shi, a mazauninsa ake shukawa. Kuɓewa, yakuwa, rama da lalo masu son ɗumi ne, a cikin ɗari sukan tsaya cik, don haka gara a bar su sai ƙarshen Fabrairu ko damina. Alayyafo da zogale suna jure kusan kowane lokaci in akwai ruwa.

Yadda ake renon iri

A samu kasko, tsohon daro ko gwangwani mai zurfin santimita 10, a huda ƙasansa. A cika da ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, haɗe da yashi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji ko na awaki yana ƙona saiwa, kuma yana jawo gara. A ja layuka da yatsa, a zuba iri jefi-jefi, zurfinsa kada ya wuce santimita 1, a rufe da busasshiyar ciyawa. Da zarar tsiro ya leƙo, cikin kwana 5 zuwa 8 ga tumatir, sai a janye ciyawar, in ba haka ba tsirran za su yi tsawo su yi laushi.

Yawan ruwa da cunkoso ne ke kawo ruɓewar ƙafa, inda za a wayi gari a tarar tsirrai sun kwanta daga gindi. Maganinsa a rage masu yawa, a kuma shayar da safe. Tsohon gidan sauro da aka lulluɓa a kan wurin yafi yana hana ƙadangaru da tsuntsaye, yana kuma rage farin ƙuda, wanda ke ɗauke da cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ta mai da shi rawaya. Ana yin dashe da yamma bayan la'asar, idan tsiro ya yi ganye 4 zuwa 5, a ciro shi da ƙasarsa.

Kāriya daga hunturu da zafi

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, busasshiya mai ƙura. Tana tsotse danshin mazubi cikin 'yan sa'o'i, ƙurarta kuma tana toshe ganye. A kafa zana ko darnin kara ta wannan ɓangare, ko a jera mazubai a gindin katangar da ke tare iskar. A rufe saman ƙasa da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa, a riƙa yayyafa wa ganye ruwa da safe don wanke ƙura. A daren da ɗari ya tsananta, buhu ko tsohon zane da aka yafa wa ƙananan tsirrai ya wadatar, amma a yaye shi da hantsi.

Daga Maris kuma inuwa ake nema. A yi 'yar rumfar zana mai barin hasken safe ta tare ranar azahar, a ɗaga mazubai daga kan siminti da bulo ko katako, domin siminti da baƙar roba suna dafa saiwa.

Zaɓen mazubi da ƙasa

Latas, alayyafo da na'ana'a sun wadatu da zurfin santimita 15 zuwa 20. Tumatir, tattasai, attaruhu da yalo kowane gindi ɗaya na son jarkar lita 20 da aka yanke kanta, ko rabin buhu. Kowane mazubi sai an huda shi. Kada a yi amfani da wanda ya taɓa ɗaukar fetur, baƙin mai ko maganin ƙwari. Haɗin da aka saba shi ne kashi 2 ƙasa, kashi 1 ruɓaɓɓen taki, kashi 1 yashi ko buntu. A Dakar, inda hukumar abinci ta duniya FAO ta fara shirin ƙananan lambuna a 1999, a kan teburan katako ake shuka, cikin ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa, ana zuba taki a cikin ruwan shayarwa.

Ruwa da lafiyar gida

Ruwan alwala da na wankin shinkafa ko ganye duk suna yi wa lambu amfani. Ruwan wanki mai omo ko bilic yana lalata ƙasa, ruwan kwata kuma haɗari ne ga ganyen da ake ci ɗanye. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi, wanda ya addabi Wagadugu da Bobo-Dioulasso a 2023, a cikin tayoyi da gwangwanaye masu ruwa yake ƙyanƙyasa. Don haka a rufe randa da durom, a huda tayar da aka shuka a ciki, a kuma kife duk mazubin da ba a amfani da shi.