Wasan cankar farashi a talabijin: daga gwanjo zuwa Plinko

Waɗanda suka taɓa kallon tashoshin Faransa za su tuna da Le Juste Prix, wasan nan da ake ajiye firji ko mota gaban mutum a ce ya faɗi kuɗinta. To asalinsa ba na Faransa ba ne. A Amurka ya fara, a 1956, a tashar NBC, da sunan The Price Is Right, Bill Cullen na gabatarwa.

A farkonsa gwanjo ne kawai. Mutum huɗu na zaune, a fito da kaya, kowa ya taya, ana ta ƙari. Wanda ya fi kusa da kuɗin kanti ba tare da ya zarce ba, shi ke tafiya da kayan. Wannan ƙa'ida ta kada a zarce tana nan har yau, amma kusan komai na kewaye da ita ya sake.

Shirin ya tsaya a 1965. Da CBS ta maido shi a 1972 da Bob Barker, sai tayi ya koma sau ɗaya tak, wanda ya ci ya hau dandamali ya buga wani ƙaramin wasa shi kaɗai. Ga Clock Game misali: daƙiƙa 30 gare ka, kana faɗin kuɗi, mai gabatarwa na ce maka "hau" ko "sauka" har ka dace. Ɗan kasuwar Maradi zai gane wannan, sai dai can babu "albarka", babu ragi, kuɗin kaya ɗaya ne a rubuce. A 1975 shirin ya zama awa guda, aka kawo babbar ƙafar nan da ake juyawa.

Plinko ya zo a 1983, kuma a ganinmu nan ne akalar ta karkata. Kana cankar kuɗin ƙananan kaya don ka samu faifai, sannan ka sake su daga saman wani allo mai ƙusoshi, su yi ta karo har su faɗa ramin da suka ga dama. Sanin kasuwa na ba ka faifai, sauran kuwa sa'a ce tsantsa. Kuma shi 'yan kallo suka fi so.

Tsadar rayuwa ma ta taɓa wasannin. Motar da aka fara sakawa a 1972 ba ta kai dala 3,000 ba (dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba). An gina allunan ne da gurbin lamba huɗu. Da motoci suka wuce dala 10,000, dole aka ƙara gurbi na biyar. A Lucky Seven, inda ake ba ka dala bakwai ana cire maka gwargwadon kuskurenka a kowace lamba, sai aka riƙa ba da lambar farko kyauta.

Abin da ya fi girgiza shirin ya faru a 2008, shekara guda bayan Drew Carey ya gaji Barker. Wani mai suna Terry Kniess ya faɗi kuɗin babbar kyautar ƙarshe daidai, dala 23,743, ko dala ɗaya bai kauce ba. Aka tsaida ɗauka, ana zargin maguɗi. Ashe ba sata ba ce: shirin ya daɗe yana maimaita kaya iri ɗaya da kuɗi iri ɗaya, masu naci kuma sun haddace. Daga nan masu shirin suka faɗaɗa kayan, suna sauya samfuri da ƙananan abubuwan da ke cikin mota, don kada hadda ta ƙara yin aiki.

A Faransa, TF1 ta fara nata a 1987, Philippe Risoli ya riƙe shi shekaru har 2001. Da yuro ya shigo a farkon 2002, France 2 ta gwada Le Juste Euro, lokacin da Faransawa kansu ke lissafi da yatsu gaban mai kanti. Makonni kaɗan ya yi. Vincent Lagaf' ya dawo da tsohon sunan a 2009 har zuwa 2015, sannan M6 ta sake ɗaukarsa a 2024.