Amanar Majiyyaci a Ƙasar Sabuwa

Tun kafin a san asibiti a ƙasar Sabuwa da maƙwabciyarta Faskari, asirin marar lafiya yana hannun wanzami ne, da ungozoma, da maɗori, da malamin da ke ba da rubutun sha. Kuma ko da yake fuƙaha'u sun halatta wa mai magani ya dubi al'aura gwargwadon larura, babu wanda ya halatta masa ya kai abin da ya gani bakin kasuwa. Ungozomar da ta saki baki, ba alƙali ke hukunta ta ba, gidaje ne ke daina aika mata, domin kowa ya san ta, ya san asalinta.

Da aka kafa ɗakunan shan magani na En'e a zamanin Turawa, sai asirin ya tashi daga ƙirji ya koma takarda, watau kati a hannun majiyyaci, rajista a gaban malamin asibiti. Nauyin wannan amana ya fi bayyana ga cututtukan da jama'a ke ƙyama: kutaren da ake kai wa Babbar Ruga ta Katsina, da masu yoyon fitsarin da Dakta Kees Waaldijk ya soma yi wa aiki a can wajen 1984, da masu ƙanjamau bayan an tabbatar da ita a Nijeriya a 1986, dukkansu sun san kalma guda daga bakin ma'aikaci tana iya kashe aure, ko ta hana a ɗaura shi.

Hukuma ta makara, amma ta zo. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta bayyana labarin majiyyaci sai da izininsa a rubuce, ko umurnin kotu, ko maslahar lafiyar jama'a. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa ta sa bayanin lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman.

Sai dai a ganina mas'alar ta fi tsanani a ƙasar Sabuwa bisa ga birane, domin a ƙasar da ke iyaka da dazuzzukan Birnin Gwari, inda 'yan bindiga ke neman wanda zai tsegunta musu gidan mai hali, sunan majiyyaci da unguwarsa da lambar wayarsa da suka shiga kwamfuta, ko aka ɗauki hotonsu aka tura ta WhatsApp, suna iya zama sanadin rai. Saboda haka wajibi ne kowane asibiti ya san wa ya buɗe fayil, da yaushe, da hujjar buɗewarsa.