Harshe Ma Yana Da Tarihi: Daga Inabin Italiya Zuwa Goron Gwanja

Idan ka taɓa tsayawa gaban mai goro a kasuwar Talata Mafara, to ka ga abin da zan yi magana a kai, ko da ba ka lura ba. Dattijo zai zo daga Ruwan Gizo ko Bakura ya tsuguna gaban faifai. Ba ya tambayar kuɗi tukuna. Zai ɗauki goro ɗaya ya juya shi a haske, ya matsa da babban yatsa, ya ɓare yana sauraron ƙararsa, ya kai hanci, sannan ya gutsiri kaɗan ya yi shiru. Can sai ka ji ya ce, "Malam, wannan ai sabo ne. Fito mini da daushe."

Kallo, shinshina, ɗanɗano, sannan hukunci. Waɗannan matakan su ne ake koyar da masu ɗanɗana giyar inabi a Italiya, har da jarrabawa da takardar shaida. Kada ka firgita, mai karatu, ba kiran shan giya na zo yi ba. Musulunci ya haramta ta, kuma tun 1988 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Abin da nake so mu duba daban ne: yadda wata al'umma ta mai da ɗanɗano ilimi, ta rubuta shi, ta kafa masa doka, alhali mu da muke da irin wannan ilimin a kan goro mun bar shi a bakin tsofaffi.

A wannan yanki namu, da an ce Italiya abin da ke zuwa zuciya shi ne dam ɗin Bakolori, wanda kamfaninsu Impresit ya gina aka kammala a 1978, da hanyoyin ruwan da ke shayar da gonakin Mafara da Bakura da Maradun. Tun da mun ga aikinsu na siminti, bari yau mu leƙa aikinsu na harshe.

Yadda Italiya ta rubuta ɗanɗano

Abin ya daɗe. Wajen shekara ta 77 miladiyya, wani marubucin Rumawa mai suna Pliny Babba ya ware sashe guda a littafinsa na tarihin halittu yana jera giyar inabi daraja-daraja, yana kiran kowacce da sunan ƙasar da aka noma inabinta. Wato tun lokacin sun lura cewa inabi iri ɗaya, in an shuka shi a tudu daban, ɗanɗanonsa daban yake fitowa.

A 1716 mai mulkin Taskani, Cosimo na III na gidan Medici, ya fitar da doka ya shata iyakar yankuna huɗu, ciki har da Chianti, wanda ake furtawa Kiyanti. Daga ranar, in ba a cikin iyakar ka noma inabinka ba, ba ka da ikon sa wannan sunan. A 1872 Bettino Ricasoli, wanda ya taɓa zama firaministan Italiya, ya rubuta yadda ya ga ya dace a haɗa Chianti, da inabin Sangiovese a matsayin ginshiƙi. A 1963 gwamnati ta kafa tsarin DOC na ƙasa baki ɗaya, wanda ya ɗaure kowane suna da wuri, da irin inabi, da yawan amfanin da aka yarda a cire daga kowace kadada. A 1980 aka fara ba da matakin da ya fi shi tsauri, DOCG, ga irin su Barolo da Brunello di Montalcino. Barolo, alal misali, sai ta yi aƙalla wata 38 a ajiye kafin a sayar, kuma sai ta tsallake gwajin ɗakin bincike da na kwamitin masu ɗanɗano. Ƙungiyar ƙwararrun masu ɗanɗano ta ƙasar kuwa, a Milan aka kafa ta a 1965.

Me ya sa wuri yake da wannan tasiri? Saboda zafin rana, da sanyin dare, da ruwan sama, da irin ƙasa su ne ke yanke yawan sukari da tsami da sinadaran fatar inabi. Yis yana cinye sukarin ya mai da shi barasa, kamar yadda Louis Pasteur ya nuna a ƙarni na 19, amma sauran sinadaran suna nan, su harshe da hanci ke karantawa.

Namu ilimin: hanyar Gwanja

To, mu dawo gida. Goro ba ya fita a ƙasar Hausa, ɗan kurmi ne. Amma da wuya ka sami al'ummar da ta san shi kamar Bahaushe. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15. Zuwa ƙarni na 19, a zamanin Daular Usmaniyya, fataucin ya kai ƙololuwa. Da aka hana giya a fili, goro ya zama abin marmarin malami da basarake da talaka, abin ɗaurin aure da suna da gaisuwar manya. Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya lissafa goro cikin manyan kayan da ake shigowa da su birnin.

Ayari kan tashi ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa kasuwar Salaga, a arewacin Gana ta yau, inda goron kurmin Asante ke sauka. Tafiya ce ta watanni, a bayan jakuna da kan 'yan alaro, kuma gaskiya ita ce bayi suna cikin masu ɗaukar kayan, suna kuma cikin abin da ake saye da sayarwa a Salaga. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan wannan fatauci, ya nuna cewa rukuni uku ne suka riƙe shi: Agalawa, Tokarawa, da Kambarin Barebari. Waɗannan na ƙarshen, cibiyarsu Gummi ce, nan cikin Zamfara. Ka ga ashe mu ba 'yan kallo ba ne a wannan labarin.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kalmomin da fataucin ya haifa. Ana kiran goro da sunan inda ya fito, tamkar yadda Italiya ke yi: goron Gwanja, sai kuma labuje, daga Labozhi a ƙasar Nufe, wanda darajarsa ta sa sarakunan Nufe suka sa masa ido sosai. Ana kiransa da girmansa, marsa manya, minu ƙanana. Ana kiransa da shekarunsa, sabo ko daushe. Akwai hannunruwa, ɗan'uwansa mai yauƙi da ba ya kai shi daraja, akwai namijin goro wanda ma bishiyarsa daban ce. Ana ƙirga shi da ƙwarya, wato ɗari, a ɗaure shi a huhu. Cutarsa ma tana da suna, sankara, kalmar da yau muke kiran ciwon daji da ita.

Da Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai hanya ta sauya. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can jirgin ƙasa, wanda layinsa ya iso Kano a 1911. Alhassan Dantata, Ba'agale, yana cikin waɗanda suka ci moriyar sabuwar hanyar. Manoman ƙasar Yarbawa, wajen Agege da Shagamu, suka shiga shuka irin goron da Bahaushe ke so, kuma har yau suna kiransa gbanja, wato Gwanja. Sunan wuri ya bi iri ya ƙetare ƙasashe, ba tare da wata doka ta kare shi ba.

Me ke faruwa a baki?

A nan ne inabi da goro suka haɗu. Harshenka abu biyar yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wannan daɗin na romo da daddawa. Sauran abin da muke kira garɗi ko ƙamshi, yawancinsa aikin hanci ne. Lokacin da kake tauna, tururin abincin yana bi ta bayan maƙogwaro ya hau hanci, inda muke da na'urorin karɓar ƙamshi kusan iri 400. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano dangin waɗannan na'urori a 1991, suka sami lambar Nobel a 2004. Shi ya sa in mura ta kama ka, tuwo da miya suke zama lami.

Bauri kuwa ba ɗanɗano ba ne sam, taɓawa ce. Fatar inabi da 'ya'yansa suna ɗauke da sinadarin tanin, goro ma yana da danginsa. Waɗannan sinadarai suna kama furotin ɗin da ke sa yawu santsi, sai ka ji baki ya bushe ya yi kaushi. Giyar Barolo sabuwa baurinta yana da ƙarfi, ajiya ce ke lafar da shi. Abin da mai cin goro ke nema a daushe ke nan: ruwa ya ragu, bauri ya kwanta, zaƙin da ke biyo bayan ɗaci ya fito. Amma fa goro iri ne mai rai, yana numfashi. In ya bushe ya mutu, in ya jiƙe ya ruɓe. Fataken da suka riƙa kwance huhu a zango suna tsince mai sankara, suna yayyafa ruwa, suna sauya ganye, kimiyyar adana abinci suke yi, ko da ba su kira ta haka ba. Abin da ke hana ka barci kuma, kafin ne, irin na kofi, wanda ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na busasshen goro.

Sai batun launi. Jan goro da baƙin inabi da zoɓo duk dangin sinadari ɗaya ne ya rina su. Bishiya ɗaya, kai har kwanso ɗaya, yana iya ba da fari da ja. Duk da haka farin goro ya fi shiga rai, shi ake miƙa wa babban baƙo. A 2001 wasu masu bincike a Bordo ta Faransa suka rina farar giya ta zama ja da rinin da ba shi da ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu karatun fannin. Sai ɗaliban suka riƙa siffanta ƙamshinta da kalmomin jar giya. Ido ya riga hanci yanke hukunci. Za ka iya gwada wannan a gida: rufe wa abokinka ido, ka ba shi fari da ja masu girma ɗaya da kwana ɗaya, ka ji ko zai raba su.

Inda harshe ya gaza

Kada ka ɗauka dokokin Italiya sun hana cuta. A watan Maris na 1986 aka gano wasu 'yan kasuwa a yankin Piemonte suna zuba metanol a giya mai araha don ƙara mata ƙarfi. Kusan mutum 20 suka mutu, wasu suka makance, domin jiki yana mai da metanol wata guba mai lalata jijiyar ido. Harshe ba ya iya rarrabe shi da barasa a cikin kofi. Kasuwar ƙasar a waje ta faɗi warwas. Abin da suka yi bayan nan shi ne darasin: suka tsananta gwajin ɗakin bincike, suka sake dokar sunaye a 1992, manoma da yawa suka koma neman inganci maimakon yawa.

Mu ma muna da irin wannan ramin. Don gudun ƙwaro, wasu masu ajiyar goro suna sa masa maganin ƙwari, ga shi kuwa ɗanye ake cinsa, ba a dafawa, sau da yawa ko wankewa ba a yi. Dattijon nan na kasuwar Mafara zai gane daushe daga sabo da gutsure ɗaya, amma ba zai ji ragowar magani ba. Wannan aikin na'ura ne. Ita kuma na'urar za ta ba ka adadin kafin da tanin, amma ba za ta ce maka wannan goron ya isa a kai gidan surukai ba. Kowanne yana buƙatar ɗan'uwansa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun fara gane haka. Sun yi wa kilishinsu da albasar Galmi rajista a hukumar kare haƙƙin mallaka ta Afirka, OAPI, ta yadda sunan zai zama na masu shi. Mu kuwa, shinkafar da ake nomawa da ruwan Bakolori takan shiga buhu mai sunan wani, manomin Maradun bai ci komai daga sunan ƙasarsa ba. Kafin a kai ga rajista kuma, sai an fara da abin da Pliny ya yi: a zauna da waɗanda suka sani, a rubuta.

Saboda haka ga ɗan aiki, in Allah ya kai mu Talata. Ka sami mai goro mafi tsufa a layin, ka sayi ko da biyu ne, ka ce, "Baba, wannan daga ina ya fito, kuma ta yaya kuka gane?" Ka rubuta duk kalmar da ya faɗa yadda ya faɗe ta, da abin da yake nufi. In ya kawo wadda ba ta cikin waɗanda na lissafa a sama, kada ka bari ta tsaya a takardarka kai kaɗai.