Daga Gayya Zuwa Kwamitin Makaranta: Tarihin Aikin Sa Kai a Makarantun Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin malaman makaranta da jami'an ilmi, cewa wai Bahaushe ba ya taimakon makarantar ɗansa sai an matsa masa. Duk wanda ya taɓa riƙe makarantar firamare a ƙauye ya san inda maganar ta samo asali, domin sai a kira taron iyaye a ga 'yan tsiraru, ko iska ta yaye kwanon aji ya shekara a yashe. Amma kuma a wannan ƙauyen ne za a tarar jama'a sun yi karo-karo sun gina Islamiyya, mata kuma suna ciyar da almajiran da ba su ma san iyayensu ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin tarihin wannan al'amari, don a gano dalilan da kan sa iyaye da ɗalibai su ba da ƙarfinsu da dukiyarsu ga makaranta ba tare da biya ba, da kuma dalilan da kan sa su janye hannu.

Kalmomin da Hausawa ke amfani da su

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu dubi kalmomin kansu, domin harshe ya riga ya rarrabe abin da takardun ofis kan haɗa wuri guda. Gayya ita ce mutum ya gayyato 'yan'uwa da maƙwabta su taya shi noma ko ginin ɗaki, shi kuwa ya tanadi fura da tuwo, wani lokaci har da makaɗa. Ba a biyan kowa lada, sai dai kowa ya san ran da tasa gayyar ta zo za a rama masa. Gudummawa taimako ne da ake kai wa wanda wata hidima ko wani haɗari ya sama. Karo-karo kuwa shi ne kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa a haɗa don biyan wata bukata. Sa kai shi ne mutum ya shiga aiki da ra'ayin kansa, ba wanda ya aike shi. Kishiyar waɗannan duka ita ce aikin tilas, irin wanda talakawa suka sha a zamanin mulkin mallaka wajen gyaran hanya da ɗaukar kaya. Za mu ga cewa tarihin taimakon makaranta a ƙasar Hausa kai da kawowa ne tsakanin gayya da tilas.

Makarantar allo

Lokacin da Turawa suka ci ƙasar nan sun tarar da makarantu birjik. Lugga da kansa ya ƙiyasta a 1914 cewa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, masu ɗalibai fiye da 200,000. Galibin waɗannan makarantu ba baitulmali ke riƙe da su ba, jama'a ne. Mai gida kan ba da zaurensa ko ya kafa rumfa a ƙofar gida. Iyaye kan aiko da kuɗin Laraba kafin hutun Alhamis da Juma'a. Manoma kan kai wa malam zakkar hatsi da kaka. Matan unguwa kan ɗauki almajiri guda su riƙa zuba masa abinci, shi kuma yana yi musu aike da ɗiban ruwa. Idan yaro ya sauke Alƙur'ani aka yi masa allon zayyana, walimar ta dangi ce da unguwa baki ɗaya.

Su ma ɗaliban suna da nasu rabon. Su ke samo kara da itacen da ake hura wutar karatun dare da na asuba, su ke dafa tawada, su ke fiƙe alƙalami, su ke taya malam noma da damina. Gardi kan biya wa kolo da titibiri karatu, ba don an sa masa albashi ba, sai don shi ma haka aka yi masa.

Dalilai uku ne ake iya gani a nan. Na farko neman lada, domin a wurin Musulmi hidimar ilmi sadaka ce mai gudana, ɗalibi kuma yana neman albarkar malaminsa. Na biyu zumunci da kunya, watau dokar gayya: wanda ya ƙi fitowa aikin jama'a ya san an gan shi, kuma za a tuna. Na uku, wanda ya fi muhimmanci ga bayaninmu, shi ne mallaka. Mutanen unguwa su suka karɓi malamin, suna ganin karatun da idonsu, in kuma ba su gamsu ba sai su ɗauke ɗansu su kai wa wani.

Ba maza kaɗai ke da wannan tarihi ba. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1793–1864) ta tsara 'yan taru, inda jajoji, watau dattijan mata da ta naɗa, kan jagoranci matan ƙauyuka su zo ɗaukar karatu, su koma su koyar da 'yan'uwansu. Wannan tsari ya rayu bayan rasuwarta, kuma neman lada ne ya riƙe shi.

Zuwan boko

A 1909 Hans Bisha, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano. Daga nan aka sami makarantun elementare da na midil a hannun En'e, da Kwalejin Katsina wadda aka yi bikin buɗe ta a 1922. Wannan sabuwar makaranta ta zo da wani tsari dabam. Da kuɗin haraji aka gina ta, hukuma ke naɗa malamanta, kuma sau da yawa hakimi ne kan umurci dagaci ya kawo yara kaza. Sanannen abu ne cewa iyaye da dama sun ɓoye 'ya'yansu, wasu masu sarauta kuma sun tura 'ya'yan barorinsu a maimakon nasu. Makarantar da aka ɗauki ɗan mutum aka kai shi ba da son ransa ba, ba za a sa ran ya kira mata gayya ba. Dalilan nan uku duk sun faɗi: uba bai ga lada a cikinta ba, ba ta cikin zumuncin unguwa, ba kuma tasa ba ce. Har sunan da aka ba ta, makarantar gwamnati ko ta En'e, ya faɗi mai ita.

A cikin makarantar kuwa an ci gaba da sa ɗalibai aiki, kamar shara da noman gonar makaranta da yankan ciyawa. Sai dai an gauraya aikin da horo, ta yadda wanda ya yi laifi shi ake miƙa wa lauje. Yaron da ya tashi yana ganin aikin makaranta a matsayin hukunci da wuya ya girma yana ɗaukarsa abin alfahari.

Islamiyya

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa ba tsarin aji da benci iyaye suka ƙi ba ita ce tarihin Islamiyya. A shekarun 1950 Malam Aminu Kano da magoya bayansa sun buɗe makarantun Islamiyya masu azuzuwa da allon bango da jadawalin darussa, kuma da taimakon jama'a aka tafiyar da su. Bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, da sauran ƙungiyoyin addini da suka biyo baya, irin waɗannan makarantu sun yaɗu birni da ƙauye. Attajiri ya ba da fili, magini ya ba da kwanakinsa, samari su buga tubali, ɗaliban manyan makarantu su koyar da yamma. Siffar makarantar ta boko ce, amma riƙonta irin na makarantar allo ne, saboda haka gayya ta dawo.

Ilmi kyauta da abin da ya biyo baya

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara kimanin miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka zo. An yi karatu a gindin bishiya, an horar da malamai cikin gaggawa. Shirin ya buɗe ƙofar ilmi ga miliyoyin 'ya'yan talakawa, wannan ba abin musu ba ne. Amma ya ƙara dasa wa iyaye ra'ayin cewa komai na makaranta, daga alli har rufin aji, nauyin gwamnati ne.

Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, sannan aka shiga shirin tsuke bakin aljihu a 1986, gwamnatoci suka kasa riƙe abin da suka ɗauka. Albashin malamai ya riƙa makara, gine-gine suka lalace. A nan ne aka waiwayi ƙungiyar iyaye da malamai. A wurare da yawa ƙungiyar ta yi abin a zo a gani: ta gina azuzuwa, ta haƙa rijiya, ta ɗauki malaman wucin gadi tana biyan su. A wasu wuraren kuwa ta zama hanyar karɓar kuɗi kawai, a yanka wa kowane yaro abin da zai kawo, wanda bai kawo ba a kore shi gida, ba kuma wanda ke jin bayanin inda kuɗin suka shiga. Abin da aka kira gudummawa ya koma haraji, iyaye kuwa suka ɗauke shi yadda ake ɗaukar haraji.

A wannan zamani ne kuma ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ɗaliban garuruwa suka yi ƙarfi. Tsohon ɗalibi kan gyara ɗakin kwanan da ya taɓa kwana a ciki, ɗaliban jami'a kuma kan koma garinsu da hutu su koyar da ƙannensu kyauta. Dalilinsu bai yi nisa da na gardin tsangaya ba, watau rama alheri. Akwai kuma amfanin kai, wanda bai kamata a ɓoye shi ba: mai koyarwa yana ƙara gogewa, yana samun suna a garinsu.

Bayan ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato a 1999 da dokarsa ta 2004, majalisar ilmi ta ƙasa ta amince a 2006 da a kafa wa kowace makaranta kwamitin gudanarwa, wanda ya haɗa mai gari ko wakilinsa, da shugaban makaranta, da iyaye maza da mata, da malaman addini, da ɗalibai. Ma'anar wannan mataki ita ce hukuma ta yarda cewa ba ta iya riƙe makaranta ita kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda aka ba kwamitin iko na gaske, an ga iyaye mata suna bi gida gida suna dawo da 'yan matan da suka bar karatu. Inda kuwa shugaban makaranta ya rubuta sunaye kawai ya aika ofis, kwamitin bai wuce takarda ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya cewa zargin da muka fara da shi bai yi wa tarihi adalci ba. Iyaye da ɗalibai a ƙasar Hausa sun riƙe dubban makarantu shekaru aru-aru ba tare da albashi ba. Sukan sa kai idan sun ga lada a aikin, idan aikin ya shiga cikin zumuncinsu, idan kuma suna da ta cewa a makarantar. Sukan janye idan aka mai da taimako tilas, ko aka karɓi kuɗinsu aka hana su tambaya.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya kamata malamai da masu tsara ilmi su lura da su. Na ɗaya, a riƙa karanta wa iyaye lissafin kuɗinsu a bainar jama'a, da Hausa. Na biyu, a raba aikin ɗalibai da horo, kada kuma ya ci lokacin karatu ko ya koma noman gonar wani. Na uku, kada gwamnati ta fake da gayya ta sauke nauyin da doka ta ɗora mata, domin ko a gargajiya mai gona shi ke fara fita da fartanyarsa kafin 'yan gayya su iso. Ga masu nazari kuma, tarihin Islamiyyoyin unguwanni da na ƙungiyoyin iyaye yana nan a bakin dattijan da suka kafa su, ya kamata a tattara shi tun suna raye.