Abin Da Ya Sa Kabeji Ke Araha Lemo Ke Tsada A Garin Jos

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Farin Gada a tsakiyar rani ya san abin da zan faɗa. Za ka ga kabeji tuli guda, karas an wanke shi ya yi ja wur, ga latas da tattasai da kwandunan tumatir har bakin titi, kuɗi kaɗan sai ka cika jaka. Amma da zarar ka juya wajen masu kayan marmari ka taya tuffa guda uku ko inabi, sai ka ji kuɗin ya kama na kayan miyan yini guda. Yara kan tambaya, wai shin Jos ba garin sanyi ne ba, garin da komai ke yi? To, amsar tana cikin tarihin zaman iyayenmu a wannan gari.

Mu fara da kuza, don ita ce uwar zancen. A wajajen 1904 ne Turawan Kamfanin Neja, a ƙarƙashin wani injiniya mai suna Laws, suka kafa sansani a Naraguta suka shiga haƙar kuza gadan-gadan. Kafin a ce haka, mutane sun kwararo daga Kano da Zariya da Bauchi da Katsina da Barno, wasu leburori, wasu 'yan koli, wasu mahauta, wasu malamai. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 kuma babban layin dogo ya iso ta Kafanchan. Turawan ma'adinai suka yi yawa a Jos da Bukuru da Barikin Ladi, su kuwa ba tuwo da miyar kuka suke ci ba, abincin ƙasarsu suke nema. Da yake tsaunin nan ya kai tsayin ƙafa 4,000, sanyinsa ya karɓi irin da suka kawo, watau kabeji da karas da latas da koren wake da dankalin Turawa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, gwamnati ta ƙara matsa wa noman dankali da kayan lambu don ciyar da soja da ma'aikata.

To, wa ya san ban ruwa? Bahaushe ya zo da sanin noman fadama tun daga gida, inda kakanninsa ke noman albasa da alkama da jigo. Sai ya samu bakin kogin Dilimi, ya kuma samu wani abin da babu shi a gida, watau manyan ramukan da masu haƙar kuza suka bari, waɗanda ruwa ya cika su suka zama kududdufai da ba su ƙafewa har bazara. Ramin da ya ɓata gonar damina shi ya zama rijiyar mai lambu. Da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, ga kuma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, mutane da yawa da suka rasa aiki sai suka faɗa lambu. A shekarun nan ne injin ban ruwa mai shan fetur ya kori jigo, mutum ɗaya ya iya shayar da filin da a da sai mutum da yawa. Maƙwabtanmu Birom da Afizere da Anaguta su ma suka rungumi sana'ar. Kaya ya yi yawa, har motoci na ɗauka zuwa Legas da Fatakwal da Onica. Abin da ya yi yawa a ƙofar gida kuwa dole ya yi araha.

Yanzu sai mu dubi itatuwa. Bambanci na farko shi ne lokaci. Latas wata biyu ya isa cira, kabeji da karas wata uku zuwa huɗu, ga shi a rani ɗaya mai lambu na iya juya fili sau biyu. Mangwaro mai aure kuwa sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya ba da abin kirki, haka lemo, kuma sau ɗaya ko biyu za a tsinka a shekara. Duk tsawon shekarun nan mai gona yana ban ruwa, yana taki, yana korar awaki, ba ya karɓar ko kwabo. Ranar da itacen ya fara 'ya'ya, kuɗin wannan jira yana cikin farashin. In kana son shaida, dubi kankana. Kayan marmari ce, amma da yake wata uku take yi kamar kayan lambu, in lokacinta ya zo har almajiri yana sayen yanka.

Bambanci na biyu shi ne ƙasa, kuma nan ne zancen ya fi shafar mu. Mafi yawan filayen da iyayenmu suka yi lambu a kansu aro ne ko haya, daga hannun masu gona. Mai gona zai yi nomansa na damina, in ya girbe sai ya ba mai lambu ya yi na rani, shi kuma ya amfana da takin da aka zuba, har da tokar juji da ake kwasowa daga cikin gari. Yarjejeniya ce mai kyau, kowa na samu. Amma a al'adar ƙasashenmu, har a ƙasar Hausa, wanda aka ba aron gona ba ya dasa itace, domin dasa itace kamar kafa shaida ce cewa wurin naka ne. Ko da mai gona ya yarda, wane mai hankali zai dasa abin da zai shekara biyar a filin da za a iya karɓewa baɗi? Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Wannan ya sa gwanayen ban ruwa na Jos suka ƙware a kan kabeji da tumatir, amma ba su bar manyan garake na lemo ba.

Na uku, hanya. Tunda ba a noma shi da yawa a nan, sai an kawo. Lemo da mangwaro masu yawa daga Binuwai suke zuwa, musamman yankin Gboko, abarba da ayaba kuma daga kudu. Motar za ta hawo tsauni, ga kuɗin mai, ga na kan hanya, ga la'adar dillali, ga ladan masu sauke kaya. In an buɗe mota, na ƙasa ya matse, wani ya ruɓe, kuma asarar ruɓaɓɓen a kan mai kyau ake ɗora ta. Tuffa da inabi kuwa yawanci daga waje suke, irin su Afirka ta Kudu, a cikin kwantena mai sanyi, da dala ake biya. Shi ya sa duk lokacin da darajar naira ta faɗi, kamar a 1986 da 2023, mai tuffa ne farkon wanda zai sauya farashi. Itacen tuffa yana son sanyin hunturu mai tsawo, wanda ko na Jos bai cika kai masa ba, ko da yake wasu manoma a Filato suna dasa irin da ke jure wa.

Na huɗu, aikin hannu. Dubi sitiroberi da ake nomawa a Chaha kusa da Vom. A nan gida ake yin sa, amma yana da tsada, domin ɗaya-ɗaya ake tsinka shi da hannu, kwana biyu ko uku ya lalace, ga masu kuɗin Abuja da Legas suna jira. Kabeji kuwa a sare shi a cusa a buhu, ya yi kwanaki bai ce komai ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka dokar ba ta da togiya. In mangwaro ya faɗo a watan Afrilu da Mayu, har zubar da shi ake yi. Tumatir kuma kan yi tsadar da ta fi ta lemo da damina, kuma ba mu manta 2016 ba, shekarar da tsutsar nan Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Arewa, magidanta suka koma na gwangwani da busasshe. Har ila yau, gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002 da rigingimun 2001 da 2008 da 2010 sun watsa 'yan kasuwa, sun kuma raba wasu masu lambu da filayen da suka shekara da shekaru suna haya. Inda amana ta yi rauni, ko kabeji da ƙyar ake shukawa, balle itace.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga shawara. Duk wanda Allah ya hore wa gida nasa na kansa, ko fili mai takarda, ya dasa ko da gwaiba ɗaya da fiya ɗaya da gwanda biyu. Gwanda ma cikin shekara guda take fara ba da 'ya'ya. Makarantun Islamiyya da masallatai masu haraba su ma su yi haka. Masu lambu kuma su riƙe amanar masu gona, su zauna da su a rubuta yarjejeniya mai tsawo a gaban mai unguwa da shaidu, yadda in an dasa itace kowa ya san rabonsa. Iyayenmu sun mai da ramin kuza lambu. Mu kuma in mun bar wa jikoki inuwar mangwaro, ba mu yi zaman banza ba. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a cikin nema, amin.