Ƙungiyar Wasannin Jami'o'in Najeriya

Ƙungiyar Wasannin Jami'o'in Najeriya, wadda aka fi sani da NUGA, ita ce ƙungiyar da ke shirya gasar wasanni tsakanin ɗaliban jami'o'in ƙasar, na tarayya da na jihohi da masu zaman kansu. Ita ce kuma ke wakiltar Najeriya a hukumar wasannin jami'o'i ta duniya, FISU.

Tarihi

An yi gasar farko a Jami'ar Ibadan a shekarar 1966. A lokacin jami'o'i biyar ne kawai a ƙasar: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ta Zariya ce kaɗai daga Arewa.

Tsarin gasa

Da jami'o'i suka yawaita, sai aka raba su shiyya-shiyya. A wasannin ƙungiya, kamar ƙwallon ƙafa da ƙwallon kwando da ƙwallon raga, sai jami'a ta yi nasara a wasannin share fage na shiyyarta kafin ta je babbar gasa. Akwai kuma guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya, judo da ƙwallon tebur. Ɗalibi mai rajista ne kawai ke da izinin shiga. Jami'ar Fatakwal na cikin waɗanda suka fi zuwa na ɗaya a yawan lambobin yabo.

Jinkirin gasa

A ƙa'ida duk bayan shekara biyu ake yin gasar, amma sau da yawa ana samun jinkiri saboda ƙarancin kuɗi da yajin aikin malaman jami'o'i. Jami'ar Obafemi Awolowo ta karɓi baƙuncin gasar a 2014, Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi a 2017, sannan Jami'ar Legas a 2022. Tsakanin na Makurɗi da na Legas an yi annobar korona da dogon yajin aikin ASUU na 2020. Irin wannan giɓi yakan sa ɗan wasa ya gama karatu bai taɓa shiga gasar ba.

Sauran ƙungiyoyi

NUGA ta jami'o'i ce zalla. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da tasu ƙungiyar, NIPOGA, kwalejojin ilimi kuma suna da NICEGA. Misali a Kaduna, ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna suna ƙarƙashin NUGA, amma na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, har da na reshenta da ke Barnawa, a NIPOGA suke fafatawa.